Gwaggo A'i Da Hular Dalhatu

Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran gwaggona, Hajiya A'i mai ɗinkin hula, a gidanta da ke Gagarawa. Allah ne Ya ba mu ita, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. A asibiti sun ce hawan jini ne. Ban musa musu ba, amma ni da na zauna kusa da ita a shekarun nan na san abin da ya hau da jinin, kuma yau zan faɗe shi.

Gwaggo, ke ce yayar mahaifina, a hannunki na tashi tare da ɗanki Dalhatu, kwano ɗaya muke ci, bulala ɗaya muke sha. Ban taɓa ganin wanda ya yi sallama a gidanki ya fita bai sa wani abu a bakinsa ba, ko da gyaɗa ce. Matan da kika koya wa ɗinki da allurarki da zarenki ba su ƙirguwa. Ni kuwa kullum sai kin tsokane ni, wai kaina kamar tulu, hulata ɗaya tana cin zaren hula biyu. Duk hular da ta fito daga hannunki tana da siririn layi kore a bakinta, har fataken Damagaram da ke cin kasuwar Maigatari sun san shi. Ta Dalhatu ce kawai kika yi wa layi biyu, ta bikinsa, kika ce ba za ki sake yi wa kowa irinta ba. Duk garin nan an san hular.

Riɗi Dalhatu ya kai Kano. Ya sayar, yana tsaye a tasha yana jiran motar gida, bam ya tashi. Nan ya rasu, ya bar matarsa da jaririya, Ummulkhair. Da aka zo rabar da tufafinsa sadaka kamar yadda aka saba, komai kin bayar, hular nan kaɗai kika riƙe, don ran nan a gida ya bar ta. Kin yi haƙurin da ya ba maza kunya. Shekaru suka shuɗe, kika koma dariyarki da ɗinkinki, muka ɗauka mun wuce wurin.

Sai ga 'yan fim sun zo da motarsu da kyamarorinsu da daɗin bakinsu. Suka ce za su shirya fim a kan harin, don kada a manta da waɗanda aka kashe. Kin yanka musu kaji, kin yi musu dambu, kin zauna kina ba su labarin ɗanki tun daga ranar sunansa. Da za su tafi kika shiga ɗaki kika ɗauko hular, kika ce, "Ku sa wa yaron da zai fito a madadinsa, ko ya yi kama da shi." Hannu biyu suka sa suka karɓa.

Da fim ɗin ya fito, babu Dalhatu a ciki ko a suna. Hular dai tana nan. Tana kan wani ɗan kasuwa daga bakin iyaka, wanda ya ɓoye bam a cikin buhun riɗi ya shigar da shi tasha. A wayar maƙwabciya kika gani, kin kalla tun daga farko har ƙarshe kina jiran inda ɗanki zai fito. Da na shigo ban same ki kina kuka ba. Kin dube ni kawai kika ce, "Zayyad, ai hularsa ce."

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Mutanen da suka ɗauki makarar Dalhatu da kafaɗunsu, su ne suka zauna a teburin mai shayi ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu. Aka fara cewa, dama yawan zuwansa Kano ɗin nan. Aka ce 'yan fim ba sa yin abu haka kawai, sai sun yi bincike. A makaranta aka sa wa Ummulkhair suna 'yar mai bam, ita da ba ta ma san fuskar ubanta ba. Na sha ganin mata suna share hawaye a kan fim ɗin, suna yaba yadda wutar ta tashi kamar gaske. Su kukan daɗi suke yi, in an gama su kashe waya su ɗora tukunya. Ke kuwa duk lokacin da waƙar fim ɗin ta tashi daga wayar wani mai babur a ƙofar gida, sai ki tashi ki shige ɗaki. Tun daga nan ba ki ƙara ɗaukar allura ba.

Na bi mai shirya fim ɗin har Kano. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Haba Malam, ai labari ne ƙirƙirarre, mun ma rubuta haka a farkonsa. Hular ce ta yi kyau a kyamara." Na ce to a fito a gaya wa duniya, ya ce za a duba. Na ce a ba ni hular, ya ce tana cikin kayan aiki, za a nemo. Har kika koma ga Allah ana nema. Da na ba ki labari cewa kika yi kin bar su da Allah. Ni ma can na bar su, amma ban ce na yafe ba.

Da ciwo ya yi tsanani kika kira ni. Ba ki yi maganar gida ko gona ba. Kin ce, "Ranar da za a yi mini salla mutane za su taru. Kada a ƙarar da taron a kaina. A gaya musu Dalhatu kashe shi aka yi, bai kashe kowa ba."

An cika miki, Gwaggo. An taru daga Gumel, daga Maigatari, daga Sule Tankarkar, kowa yana yi miki kyakkyawar shaida. Bayan an sallame, liman ya juyo ya faɗi saƙonki kamar yadda kika bar shi. Da yawa sun sunkuyar da kai. Ina tsaye a sahun gaba na ji wani a bayana ya raɗa wa na kusa da shi, "To, hular fa?" Ban waiwaya ba, don na gane muryar, kuma ya sha cin tuwonki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifina, ga Hannatu matar Dalhatu, ga ɗaukacin danginmu, sannan gare ki, Ummulkhair. Ki ɗaga kanki, ubanki mutumin kirki ne, zaluntarsa aka yi yana raye, aka sake zaluntarsa yana kabari.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa baƙin cikin da kika haɗiye ya zama kaffara. Allah Ya jiƙan duk waɗanda suka rasu a tashar nan, Ya ba iyayensu haƙuri. Ya haɗa ki da Dalhatu a Aljanna, inda ba sai kin yi wa kowa bayanin ɗanki ba. Amin.