Ƙuri'ar Matafiyi

Baba mahauci ne a unguwar Komah, kuma duk Sokodé an san taurin kansa. A shekarun da gari ya rikice, yau yajin aiki, gobe an tare hanya da tayoyi, aka ce za a yi zaɓe mai 'yan takara fiye da ɗaya. Baba ya haura saba'in bai taɓa ganin irinsa ba. Katinsa na zaɓe a cikin gafakar Alƙur'ani yake ajiye shi.

Sai matar yayana ta haihu a Dapaong, can arewa mai nisa, namiji, jikan fari. Aka lissafa kwana bakwai, suna ya faɗo daidai ranar zaɓe. Baba ne zai raɗa sunan, sunansa kuwa a rajistar zaɓe ta Sokodé yake rubuce.

Ko gezau bai yi ba. Ya sa babbar riga, ya ce in raka shi ofishin perfe, wato kantoma, tunda ni na yi boko. Ya miƙa wa ma'aikacin kati, ya ce ya zo jefa ƙuri'arsa, gobe zai kama hanya. Na fassara ina jin kunya. Mutumin ya ce saura kwana uku, ko akwati ba a kawo ba.

"Gaya masa ni matafiyi ne," in ji Baba. "Allah ma Ya yarda matafiyi ya jawo La'asar ya haɗa da Azahar. Gwamnati ta fi Allah tsanani ne?"

Na rage maganar kafin na juya ta Faransanci. Duk da haka aka yi dariya, har da ni. Wannan dariyar tawa tana cina har yau.

Muka tafi Dapaong. Ranar zaɓe ya raɗa suna da hantsi, ya yanka ragon da hannunsa, ya ruga tasha don ya koma Sokodé. Babu mota ko ɗaya, an hana zirga-zirga sai an rufe rumfunan zaɓe. Ya zauna kan benci har La'asar yana kallon masu wucewa da tawada a yatsa.

Bai kai wani zaɓen ba.

Shekaru bayan haka na ji a rediyo sojoji sun yi nasu zaɓen kwanaki kafin kowa, saboda ranar zaɓe za su kasance a bakin aiki. Ashe ita ma ƙuri'a ana jawo ta. Na ɗauko gafakar, katin yana nan fes, ko lanƙwasa babu.