Hoton Baba Tsoho a Gonar Dundaye

Wata Laraba ce, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, ma'aikatan gona suka zo Dundaye ɗaukar hoton manoma. Tun da rani rediyo ke cewa gwamnati za ta ba da tallafi, kuɗi da buhunan taki, amma sai an ɗauki kowa tsaye cikin gonarsa. Da aka tashi makaranta na kai wa kakana Baba Tsoho fura, na tarar ya wanke ƙafa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, yana tsaye tsakiyar kunya. Baba Tsoho ko a bikin 'ya'yansa bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, cewa yake, "Inuwar mutum ba abin ajiya ba ta." Ran nan ya tsaya ƙyam, ya kau da kai kamar wanda za a yi wa allura, gero iya gwiwarsa.

Mu yara ba mu san abin da ya saukar da shi ba. Namu dai cire ciyawa, da tsinko tafasa a bakin gona, da carafke a gindin gawo har a kira mu da tsawa. Sai daga baya na gane. Baffana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifina, ya daɗe yana matsa masa a sayar da gonar ga masu yanka filaye, har suka yi alkawari gaban dangi: in bana ba ta cika rumbu ba, a sayar. Akwai kuma Bafulatanin da kowane rani yake sauke shanunsa a gonar, su bar mana taki, a ba shi damman gero. A ranin nan Baffa ya sallame shi. "Gwamnati na kawo na buhu, mi za mu yi da kashin shanu?" Baba Tsoho bai so ba, amma ya haɗiye.

Ruwa ya yi ta zuba, taki bai zo ba. Gero ya tsumbure, ganye ya yi ɗorawa. Kullum bayan la'asar tsohon zai jawo tabarma bakin hanya yana jiran motar taki, in na zo wucewa da tulu ya ce, "Ke 'yag ga, ba ki ji ƙugin mota ba?" Ni kuwa don in ga ya yi murmushi sai in ce na ji daga nesa. Da kaka abin da aka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Tsohon ya kwanta, bai sake tashi ba. Sai bayan sadakar arba'in aka aiko da katinsa mai ɗauke da hoton nan, wai tallafi ya iso. Baffa ya je karɓa, aka ce sai mai hoton ya zo da kansa ya dangwala. Ya dawo ya jefar da katin a zaure, na tsince shi ina kuka don haushi.

Yanzu ina aure a Mabera. Gonar ta zama gidajen haya, inda gawon yake akwai shagon cajin waya. Har yau in babbar mota ta yi ƙugi da la'asar sai in ji kamar za a tambaye ni. Katin yana cikin akwatina. Fuskarsa ba ta fito sosai ba tunda ya juya, geron ne ya fito, kore shar, bai fara lalacewa ba. Inuwar da ya ce ba abin ajiya ba ce, ita kaɗai ta rage mana, tasa da ta gonar.