Baƙon Maitama Mai Turka Ya Ƙi Cin Abinci

A Kaura Namoda in ka ce Maitama, sai a tambaye ka, "Mai turka?" Kiwon raguna ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma Allah ya ba shi hannu. Zai je kasuwar Shinkafi ya zaɓo ragon da iska ke neman kayarwa, kafin layya ka ga rago yana tafiya yana nishi. Shi kansa Maitama bai bar wa raguna ƙibar su kaɗai ba. Alfaharinsa kullum ɗaya ne: babu mai rai da zai shigo gidansa ya rame.

Bakin nan nasa ne ya ja masa. Ɗanbaba, direban da ke kai masa raguna Legas, ya nuna masa wani kifin teku a waya, rawaya shar, fale-fale kamar ganye, da ɗan baki tsigil. Sunansa wai malam-buɗe-littafi. Ɗanbaba ya ce wuyar kiwo gare shi, in ya baƙunci wuri sai ya ƙi cin abinci har ya mutu.

Maitama ya ji kamar an zage shi. "Ƙin ci? A gidana? Kawo shi in gani!"

Da farko akwatin gilashi ya iso, da duwatsun teku, da gishiri na musamman, da injin da ke motsa ruwa, har da sola saboda wuta ba ta da alkawari. Sai da ruwa ya zauna sannan aka kawo kifin, tare da abincinsa, ƙananan jatan lande cikin ƙanƙara.

Unguwa ta cika falo. Har daga Zurmi wani aminin Maitama ya hau babur ya zo kallo. Maitama ya zuba abinci yana murmushi, kifi ya dubi taron, ya shige bayan dutse.

Haka aka yi ta yi. Safe da yamma mutane na zuwa, suna manna hanci a gilashi, suna ƙwanƙwasawa. Maitama ya gwada garin ƙuli-ƙuli, ya gwada dusa, ya yi masa irin kiran da yake yi wa raguna. Da abin ya ci tura ya ɗauko kanwa, tunda ita ke buɗe wa rago ciki. Allah ya sa ya fara kiran mai sayar da kifin, wanda ya yi ta ihu a waya har Maitama ya mayar da kanwarsa aljihu.

Kifi dai sai ƙara shafewa yake yi. A kasuwa aka fara tambayar Maitama, "Ya mai jiki?" Abin ya ci masa rai ƙwarai, har shi ma tuwo ya daina wuce masa.

Matarsa Tani ce ta gaji. Ta tsaya a bakin falo ta ce, "Malam, wai mi kake yi haka? Kai in anka aza maka akushi gidan surukai, mutane sunka tsaya bisa kanka suna kallon bakinka, ci kakai?"

"To ai wanga kifi na."

"Baƙo na! Ana aje ma baƙo abinci a ba shi wuri."

Ta kori 'yan kallo, ta cire mayafinta ta lulluɓe akwatin, ta ja mijinta waje. Da suka dawo, babu jatan lande ko ɗaya. Maitama ya yi ta hamdala har da ƙwalla.

Sai dai kifin ya riƙe sharaɗinsa. Da mayafi zai ci, in an yaye sai bayan dutse. Maitama ya huda mayafin ya saka ido, kifi ya hango idon ya fasa.

Yanzu kifin ya murmure, kowa ya shaida. Amma in Maitama ya ce a kasuwa, "Yana ci," sai 'yan tsokana su ce, "Ka gani da idonka?" Nan yake sauya zance, don ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Lokacin abinci za ka same shi zaune a ƙofar falo, ya juya wa akwatin baya. In ka yi sallama da ƙarfi sai ya ɗaga maka hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Yi haƙuri ka dakata kaɗan. Kunya gare shi."