Gidan da Turai Ta Saya da Rani

Turai 'yar Tudun Kaya ce, kuma duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli a kasuwar Ƙaraye a wancan zamani ya san hannunta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ba gona, ba ɗakin kanta. Da matsar man gyaɗa ta sayi akuya, daga akuya ta koma tumaki, har ta kai ga shanun da ta ba Fulani kiwo.

Da aka fara aikin gina dam, wato madatsar ruwa, a kusa da garin, baƙi suka cika Ƙaraye, direbobi da magina, kowa na neman ɗakin haya. Sai ƙaninta Halliru ya zo mata da shawara.

"Yaya, ki sayar da dabbobin nan ki sayi gida ki zuba 'yan haya. Jibo dillali yana da wani a hannu can bayan kasuwa, ɗaki huɗu, rufin kwano."

Ta je ta gani ana tsakiyar rani. Bango ya sha sabon yaɓen siminti, ƙofofi sun sha fenti. Ta ƙwanƙwasa bangon, ta ji yana amsawa kamar akwai kogo a ciki.

"Malam Jibo, wannan ƙarar fa?"

"Haba Inna, siminti ne bai gama kamawa ba," in ji shi, yana dariya.

Ta lura gidan a gangare yake, ta so ta tambayi maƙwabta. Jibo ya ce wani attajiri daga Rogo yana kan hanya, in ta yi sanya zai riga ta. Ta sayar da shanu da tumaki, aka ƙulla ciniki a gaban mai unguwa, 'yan haya suka tare.

Da damina ta kankama sai gaskiya ta fito. Ashe ruwan unguwar duka ta gidan yake bi. Siminti ya riƙa ɓarewa, tsohon ginin ƙasa ya bayyana, gara ta cinye azara. Wata rana da hantsi bangon gabas ya zube. Allah Ya taƙaita, ba kowa a ɗakin, amma 'yan haya suka kwashe kayansu a ranar.

Wata tsohuwa maƙwabciyar gidan, Adama, ta same ta tsaye cikin taɓo.

"'Yar nan, da kin leƙo kin tambaye ni. Mai gidan ma ruwan nan ne ya kore shi."

Turai ta kai kuka wurin mai unguwa. Ya saurare ta da tausayi, ya ce, "Kin gani da idonki kafin ki biya. Sai haƙuri." Wanda ya sayar kuwa tuni ya koma Kano. Halliru ya daina zuwa gaishe ta don kunya.

Da rani ita da 'ya'yanta suka buga tubali suka ta da bangon. Damina ta sake rushe shi. Kafin nan aikin dam ya ƙare, baƙi suka watse, ko mai taya gidan ba a samu ba. Jari ya karye, ta koma matsa wa wasu mata mai, su sallame ta da abin miya.

'Ya'yan suka yi aure ɗaya bayan ɗaya. Turai ta tare a ɗaki ɗaya da ya rage a gidan wanda ruwa bai ci ba, sanyin ƙasa ya shiga ƙafafunta har tafiya ta fara gagararta. In hadari ya haɗo, sai ta naɗe tabarmarta, ta dafa bango, ta lallaba zauren Adama ta zauna har a ɗauke ruwa.