Tabar Baffa a Ƙirjin Habu

Wata Laraba da sassafe, cikin ɗarin shekarar da na shiga aji uku a Gafasa, ni da ƙanena Habu muna tsugune a bakin murhu muna jin ɗumi, sai Baffa Sale ya fito daga ɗaki yana tari yana zage-zage. Yayan mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu da Inna bayan rasuwar Baba. Ya yi wurgi da guntun tabar da ke hannunsa, wai bai gama zuƙa ba ta cinye ƙurmus.

Baffa da kansa yake noma tabarsa a bayan gida, ya shanya, ya naɗe ganyen kamar kaurin yatsa. Da damina ganyen laushi gare shi, wuta na cinsa a hankali. Amma da sanyi ya sauka sai ya bushe ƙayau, ya riƙa karyewa wajen naɗi, wuta ta bi gefe ɗaya, hayaƙin ya yi ɗaci yana yankar maƙogwaro. Dabararsa ita ce ya yayyafa wa ganyen ruwa, ya ƙunshe a tsumma, ya ɗaure a jikin mutum har ɗumi ya ratsa shi. A nasa jikin? Ina! Wai ƙaiƙayi yake sa shi. Sai namu. Da ƙunshin nan a ƙarƙashin riga muke ɗebo ruwa, mu kai awaki kiwo, mu yi langa. Kafin hantsi jiri ya kama mu, zuciya na tashi, a makaranta kuwa ba mai yarda ya zauna kusa da mu saboda wari.

A wannan Larabar Habu zazzaɓi yake, jikinsa zafi rau. Baffa ya dafa goshinsa, ni sakarai na ɗauka tausayi ne, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ɗaura masa jiƙaƙƙen tsumman a ƙirji, yaro yana karkarwa. Na ce, "Baffa, a ɗaura mini." Ya ce, "Kai da jikinka kamar na ƙadangare? Rufe mini baki." Inna, wadda ba ta da wani gidan zuwa, ta durƙusa ta ce, "Yaya, don girman Allah, amai fa yake yi." Ya ce mai cin tuwonsa dole ya yi masa aiki. Da azahar ya kwance ƙunshin, ya naɗa, ya zuƙa, ya lumshe ido.

Daga ranar kullum Habu ne. In Inna ta yi maganar asibiti a Gaya, sai ya ce zazzaɓi ne, zai wuce. Habu ya rame, ya daina riƙe ko kunu, har ya cika a cinyar Inna. Tabar ce ko zazzaɓin, Allah ne masani, amma wallahi ban yafe ba. Ranar sadakar uku, a zaure, ganye ya karye a hannun Baffa, ya ja tsaki, da kunnena na ji ya ce, "Tun da yaron nan ya tafi taba ta ƙi daɗi."

Yanzu ba mai noman taba a bayan gida, sigari na nan a kwali kan kowane tebur, yara kuma har da rigunan sanyi. Baffa ya daɗe da rasuwa, in an ambace shi ana cewa mutumin kirki mai riƙon marayu. Da Habu yana raye, da yanzu shi ma ya fara furfura kamar ni.