Dattijo da Fartanya a Filin Ƙwallo

A filin ƙwallon da ke bayan kasuwarmu, kan hanyar Shanono, akwai wani dattijo da ban san sunansa ba. Dogo ne, ƙafafunsa a kumbure, yana ɗan jan ta hagu. Da hantsi yake zagaya filin a hankali, fartanya a kafaɗa, alhali babu abin nomewa a wurin.

Ina jin a asibiti aka ce ya riƙa tafiya. To, damina ce, gero ya rufe ko'ina. Kuma a nan, dattijon da ke yawo babu dalili, sai a fara cewa ya ruɗe. Fartanyar ce ke tsare masa mutunci.

Yau ga shi yana haki, ya dafa turken raga. Filin ba inuwa, ba benci.

Mai horar da samarin ya ɗaga murya: "Baba, a matsa mana kar ƙwallo ya buge ka. Gonar ba nan take ba!"

Aka yi dariya.

"Na sani, ɗana," in ji shi. "Wucewa nake."

Ya nufi cikin gari bai ƙarasa zagayen ba. Yadda ya sunkuyar da kai, ban ce gobe zai dawo ba.