Kwaɗon da ke Ƙofar Ɗakin Gyaran Baba

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Muddin ina numfashi, ba za a rufe ɗakin nan ba." Haka Yaya, babban ɗanka, ya faɗa maka a asibiti yana riƙe da hannunka, ina tsaye a gefen gado. Ka rasu ranar Talata, uku ga watan nan, da hantsi. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Masu zuwa gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba Yaya ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar. Na duba Yaya da kyau, Baba. Yana numfashi.

Ga wanda bai san ka ba: mahaifina mai gyaran rediyo ne. Da ƙarfi ya ragu sai ya bar shagon kasuwa ya dawo da bencinsa ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu, mai taga a kan titi. Kowace safiya yakan buɗe tagar ya kunna labarai, maƙwabta su tsaya da kofunan shayinsu. Kuma yana da ƙa'ida wadda ban taɓa ganin ya karya ba: duk mugun labarin da ya ji, sai ya gyara abu ɗaya kafin rana ta faɗi. Aka ce yaƙi ya ɓarke, ya ɗaure famfon da ke ɗiga. Aka ce jirgin ruwa ya nutse da mutane, ya mayar wa tukunyar Mama hannunta. Mama takan ce, "Ranar da duniya ta zauna lafiya, gidan nan rushewa zai yi."

Shekarar da annoba ta kulle kowa a gida, abin gyara ya ƙare maka. Ka riƙa tsayawa daga nesa kana kiran maƙwabta: "Ba ku da abin da ya lalace?" Suka riƙa ajiye fanka da tocila da dutsen guga a bakin taga. Matar mai shayi ta kawo agogon da ya tsaya tun kafin a haifi 'yarta. Ba ka karɓi komai ba, sai dai ka yi musu faɗa a kan yadda suke naɗe waya.

Ni da kai mun sha gardama. Na karanta tarihi, ina koyar da shi, kuma idan na ji masu mulki suna maimaita ƙaryar bara da sabon murmushi, nakan yi wa rediyon ihu. Na taɓa ce maka, "Baba, ɗaure murfin buta ba zai tsayar da yaƙi ba." Ka ce, "Ihun naki ya tsayar? Miƙo mini filaya, Malama." Har yau ban sauka daga ra'ayina ba. Duniya tana bukatar masu fushi. Amma na lura ni nakan tashi daga labarai da ciwon kai, kai kuwa ka tashi da fanka mai juyawa, kuma wani ya yi barci cikin iska.

A makon nan labarai ba su canza hali don ka mutu ba. Ambaliya a wani wuri, tsadar abinci a ko'ina, taron manya da aka tashi ba a cimma komai ba. Abin da ya canza shi ne tagar tana rufe. A ciki akwai keken ɗinkin gwauruwar da ke bayan gidanmu, wanda ka kwance ba ka kai ga haɗawa ba. Da shi take ciyar da 'ya'yanta marayu. Kunyar gidan makoki ta hana ta tambaya, sai ta gaishe mu ta saci kallon ƙofar ta wuce.

Yaya ya ce yana tsoron kayan aiki su ɓace. Ban yarda ba. Shekaranjiya da safe, daidai lokacin labarai, na gan shi tsaye gaban ƙofar da makulli a hannu, ya kasa sakawa. Ba ɓarayi yake tsoro ba. Yana tsoron ya ji muryar rediyon ba tare da tarinka a bayanta ba. Wannan na fahimta, nima ina tsoronsa. Amma baƙin cikinmu ba zai biya wa marayun can kuɗin makaranta ba.

Kuma ba a rasa hannu ba. Jikarka ta iya haɗa wayoyin rediyo da dalma tun tana firamare. Mai gyaran keke na kusurwa ya ce zai duba keken ɗinkin. Mama da kanta ta ce famfon ya soma ɗiga, ta faɗa tana kallona.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya gyara makwancinka kamar yadda ka gyara wa bayinSa abin da ya karye, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da 'yan'uwana, da jikoki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar nan da kofi a hannu. Allah Ya ba mu haƙuri.

Yaya, kai kuma ina ba ka zuwa safiyar Asabar. Idan ka zo da makulli, ni zan dafa shayin, mu ji labaran tare, ka yi kukanka ba mai kallonka. Idan ba ka zo ba, sukudireban Baba mai jan hannu yana cikin durowar kicin ɗina tun ranar da ya gyara mini murhu. Ba zan fasa kwaɗonka ba. Zan kwance ƙarfen da yake maƙale a kai, in ajiye maka shi a kulle yadda ka bar shi, in buɗe taga, in kunna rediyo. Duk abin da suka faɗa ranar, keken ɗinkin ne gyaranmu.